Wasiƙa ga Iyaye: Aikin Ƙungiyar Kimiyya a Kan Na'urorin Jirgin Sama

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon ɗalibai. Muna fatan kuna lafiya, ku da iyali.

Wasunku sun tambayi abin da ya sa yara suke ta neman tsohuwar rediyo da tocilan a gida. Aikin ƙungiyar kimiyya ne na wannan zango: yadda ake ƙera na'urorin lantarki na jirgin sama su jure wahalar da suke sha.

Ba ƙaramar wahala ba ce. Jirgin da ya yini cikin rana a fili, kafin awa guda ya kai tsayin kilomita 11, inda sanyi ke kaiwa digiri 56 ƙasa da sifili. Ƙarfe ya buɗe da zafi, ya tsuke da sanyi, yau da gobe har dalmar da ta riƙe wayoyi ta tsage. Ga jijjigar inji ba ƙaƙƙautawa. Iskar can sama ba ta da kauri, don haka ba ta kwashe zafin na'ura sosai. In jirgi ya sauko cikin laima kuma, sai raɓa ta kwanta a kan allon lantarki, shi ya sa ake shafe shi da siririn rufi mai hana ruwa shiga. Aradu ma takan faɗa wa jirgin fasinja kamar sau ɗaya a shekara.

Saboda haka na'ura ba ta shiga jirgi sai ta ci jarrabawa. Ƙa'idar DO-160, wadda ƙungiyar RTCA ta Amurka ta fara fitarwa a 1975, ta tanadi gwajin zafi da sanyi da jijjiga, da ƙura da gishirin teku, har da fumfuna.

A nan yaranmu suka fi burge ni. Da, in ƙwan fitila ya kama sai su yi tafi, aiki ya ƙare. Yanzu sai sun sa abin da suka haɗa a firji, sun shanya shi a rana, sun girgiza shi, sannan su rubuta inda ya gaza da dalili.

Roƙonmu shi ne ku taimaka da tsofaffin kayan da ke aiki da batir, waɗanda kuka daina amfani da su. Don Allah kada a bar yaro ya kwance talabijin ko duk wani abu da ake jona wa wuta. Wasu sukan riƙe caji ko bayan an zare su. A makaranta za a yi kwancewar, a gaban malami.

Mun gode da haɗin kanku.

Malamin kimiyya, a madadin hukumar makaranta