Barka da Sallah daga Toronto, ga kuma ɗan aiki na yaran gida

Assalamu alaikum Inna, Yaya, da duk mutanen gida. Barkanmu da Sallah, Allah shi maimaita muna, Allah shi karɓi layya. Ina Baba da ƙafa, da sauƙi dai ko?

Mu nan lahiya lau. Munyi idi cikin wani babban hol da anka kama haya, daga nan kowa ya kama gabanshi don nan Kanada ba hutun sallah, baban yara ma wurin aiki ya wuce da babbar rigarshi cikin mota. Awa 5 kuke gabanmu, san da muke kabbara na san ku har an jera raguna gefen wuta, yara na ta zarya ana kora su. Wallahi Birnin Kebbi ta faɗo min rai sosai, har da hawan Sarkin Gwandu da muke rugawa kallo.

Yaya, maganar yaran nan ce ma ta sa na zauna rubutu. Ranan da munka yi bidiyo kol 'yan biyunki sun ga abin wasan ɗiyata suna ta Anti a kawo muna, Anti a kawo muna. Sunanshi Hatchimals, wani kamfani ne na nan Toronto, Spin Master, ya fito da shi a 2016. Ƙwai ne babba mai ɗigo-ɗigo, da wata 'yar halitta mai gashi a ciki, yaro zai ta shafa ƙwan yana ɗan ƙwanƙwasawa, sai ka ga idanun abun na haske ta cikin ɓawon, can sai ya fara saran ɓawon da baki yana juyawa har ya fasa. Batir ne ke aiki ba wani abu ba. Kuma sau ɗaya yake ƙyanƙyashewa, ɗiyata kwana kaɗan ta yi tana ɗokinshi ta aje, amma zanenshi har yau bata daina ba, duk firij ɗina takardunta ne. Shi yasa nace kafin a samu mai zuwa gida, ki koya musu zanen, ko gobe da kuke suya kin samu abin da zai zaunar da su nesa da mai.

Ki basu fensir da bayan kwali ko tsohon littafi. Su fara da ƙwan, sama tsukakke ƙasa mai faɗi, kar su danna fensirin don za a goge. Sai a ja layi a tsakiya yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, nan ne wurin fashewar, a goge rabin sama da kilina. Daga cikin ɓawon kai zai leƙo, zagaye babba, ki bari ya kusa cika bakin ƙwan. To ga inda kyan yake Yaya, idanu. A yi su manya-manya, a sauko da su ƙasa-ƙasa kusa da baki, a ɗan raba su da juna, a cike da baƙi amma a bar ɗan fari guda a saman kowane ido, wannan ɗan farin shi ke sa abun ya zama kamar yana kallonka. In idon ya hau goshi ko ya ƙanƙance sai fuskar ta koma ta tsoho. Baki ɗan ƙarami mai kusurwa uku, fukafukai biyu gajeru sun dafa bakin ɓawon, sannan guntun ɓawo a kai ya ɗan karkace. Biro a bi layin, kala daga ƙarshe, duk wadda ransu ya so ko shuɗi ko ruwan hoda.

Roƙona ɗaya, don Allah kar ki karɓe fensirin ki gyara musu, na sanki da son abu tsaf. Ki zana naki a gefe suna gani, su yi nasu, ƙwan auta ko ya fito a karkace ki ce ya yi, ki tambaye shi sunan abun da abin da yake ci.

Kuma ni a ganina sun fi tawa sa'a, ita bata taɓa ganin ɗan tsako na fasa ƙwai ba sai a waya. Su ko kazar Inna na nan bayan ɗaki, kwana 21 take kwanci, yanzu kuma damina ga ƙwan zabi ko'ina, shi yakan kai wajen kwana 28. In lokacin ya yi Inna ki kira su su duƙa su gani, yadda yake fara huda ɗan rami, yadda yake fitowa jiƙe sharkaf kafin gashin ya bushe ya tashi. Sai su zana wannan ma. In Baba ya yi maganar zanen mai rai to a bi nashi, su tsaya ga ƙwan da tsagewarshi da ado.

Na turo goron sallah ta akawun ɗin Yaya, a cire na fensir da kala, sauran Inna ta raba. A ɗauko min hoton zanen kowa ta WhatsApp, ɗiyata tace ita zata ba da maki. A gaida Gwaggo da mutanen Jega, a aje min soyayyen nama ko na watan gobe ne in an samu matafiyi.

Taku,
ɗiyarku ta Kanada