Zuwa ga Babana, a kan hannun nan naka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya kai da iyalinka. Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau, an gama yankan gero, saura dawa, sai wake da tsutsa ta ɗan taɓa. Innarka tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ba ta yi fushi ba, ko da yake kai ma ka san halinta.

Na rubuto maka takarda ne saboda in na kira ka a waya, "to Baba, to Baba" kawai kake yi, ka miƙa wa yara. Labari ya iso mini, kuma kada ka tsaya binciken wanda ya kawo, cewa tun da ka koma Kano ka daina zuwa gashin da ake yi maka a asibiti saboda shanyewar ɓarin jiki. An ce hannun dama kullum yana cikin aljihu, in baƙi sun shigo ka ja riga ka rufe shi. An ce uwar yaran nan ce ke ba ka abinci a baki, ita ke saka maka maɓalli, ita ke zuba maka ruwan alwala. An kuma ce kana cigiyar mai sayen kekenka na ɗinki. Maganar keke ba ta hana ni barci ba, in an sayar ana sayen wani. Hannun ne.

Ka san Baffanka na gidan gabas. Kana yaro a lokacin, amma ka isa tunawa. Shi ma ɓarin dama ne ya shanye. Ƙafa ta dawo har yana zuwa masallaci da sanda, hannu kuwa aka bar shi a rataye. Matansa biyu suna rige-rigen yi masa hidima, ba wadda ta taɓa ce masa ɗaga. A hankali gwiwar hannu ta lanƙwashe ta manne da ƙirji, yatsu suka dunƙule da babban yatsa a ciki. Farce yana cin tafin hannu, da bazara wurin ya jiƙe yana wari, sai an naɗa tsumma a tsinke an tura sannan a share. Ranar da ya rasu ni da liman muka yi masa wanka. Mun yi, mun yi mu buɗe hannun nan, ya ƙi. A haka muka sa shi a likkafani. Tun da aka ce mini kana ɓoye naka, shi nake gani in na kwanta.

Ka saurare ni da kyau, ba don ni na haife ka kaɗai ba, har don shekarun da na yi ina aiki a ƙaramin asibitin garin nan. Ciwon ba a hannu yake ba. Hoton kai da aka yi maka ya nuna jijiyar jini ce ta toshe a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, ɓarin hagu kuwa shi ke sarrafa gefen dama na jiki, shi ya sa har harshenka ya yi nauyi a makon farko. Wurin da jini bai kai ba ya riga ya lalace. Amma sassan da ke kewaye da shi suna iya karɓar aikin in aka yi ta neman su da shi. Abin kamar turbar gona ne da damina: wadda ake bi kullum tana nan fes, wadda aka ƙaurace wa ciyawa ta rufe ta har a manta an taɓa bi ta wurin. Wata ukun farko su ne jiki ya fi saurin farfaɗowa, sannan zuwa wata shida. Bayan nan ana ci gaba da samun sauƙi, sai dai da wuya da jinkiri. Kai yanzu cikin wata na uku kake. A wannan lokacin ka ga ya dace ka zauna a ɗaki?

Ba zan yi maka ƙarya in ce hannun zai koma yadda yake ba. Wannan sanin na Allah ne, kuma hannu ya fi ƙafa jinkirin dawowa, yatsu kuma su ne na ƙarshe. Amma da idona na ga ka ɗaga wuyan hannu, na ga babban yatsa da biyu na kusa da shi sun buɗe, ranar da likitar gashi ta ajiye maka kofi ta ce ɗauka. Kai ka ɓata rai don kofin ya faɗi. Ita kuwa murna ta yi, don masu wannan ɗan motsin su ne aka fi sa ran hannunsu zai yi amfani.

Bayan kun fita na tsaya na yi mata tambayoyi, na rubuta a littafina. Ta ce wani masani a Amurka mai suna Edward Taub shi ya gano cewa mai irin wannan ciwo yakan gwada hannun a kwanakin farko ya kasa, sai ya koma ga mai lafiyar, har ƙwaƙwalwa ta saba da rashin ɗayan, ko da daga baya ƙarfi ya fara dawo masa. Maganin da ya fito da shi shi ne a sa wa hannu mai lafiya safa mai kauri yawancin yini, a tilasta wa mara lafiyar aiki. A 2006 an fitar da sakamakon gwajin da aka yi da mutum 222 a can Amurka, waɗanda ciwon ya same su wata uku zuwa tara kafin nan. Mako biyu aka yi wa wasunsu wannan horo, har awa shida a yini, kuma bayan shekara guda hannayensu sun fi na sauran aiki. To kai akasin haka kake yi: mara lafiyar ka ɗaure a aljihu, mai lafiyar ka sake. Ban ce ka je ka naɗe hagunka da kanka ba, tunda tafiyarka ba ta gama daidaita ba, kana bukatarsa ka dafa bango. Likitar ce za ta faɗi lokaci da yadda za a yi. Amma ta ina za ta faɗa in ba ta gan ka ba?

Na san abin da za ka ce, wai ana zuwa a daɗe a layi, a manna maka waya a hannu ta yi ta tsikararka, a sallame ka. Lantarkin nan taimako ne kawai, yana tayar da naman da ke ɗaga wuyan hannu don ka ji yadda motsin yake. Ainihin gashin shi ne aikin da aka ba ka ka yi a gida, kuma ba sau goma ake nufi ba, ɗaruruwa ake nufi a kullum. Ka zuba gyaɗa a kwano ka riƙa kwashewa ɗaya-ɗaya zuwa wani. Ka ja carbi da dama. Ka shimfiɗa tsumma a tebur ka tura gaba ka jawo baya. Ka riƙe buta, ko rabin ruwa ne. Kai da kake tela ma ka fi kowa kayan aiki: ka juya kan keke da hannun, ka cire kwarkwaro ka mayar, ka riƙe alli ka ja layi a ƙyalle ko ya karkace. Almakashi ya jira tukuna. In ka ci tuwo da dama ka ɓata riga, a wanke rigar.

Akwai kuma na madubi da ta nuna maka ka yi dariya. Ka tsayar da shi a gabanka ta gefe, hannun dama a bayansa, kana motsa hagu kana kallon hotonsa kamar daman ne ke motsi, kana ƙoƙarin bi da shi. Ba tsafi ba ne, ido ne ke tunatar da ƙwaƙwalwa. Innarka ta ce ita dai kada a yi shi da dare, na ce mata to, da hantsi ma ya wadatar.

Yanzu maganar Kawunka. Na ji ya ce kafaɗar gocewa ta yi, zai kai ka wurin mai ɗori a ja ta. Ban yarda ba, ban yarda ba. Naman da ke riƙe kafaɗa ne ya saki, nauyin hannu ya ja ƙashin ƙasa. In aka fizge ta za a bar ka da ciwon da zai hana ka motsa hannun gaba ɗaya. Ko tayar da kai za a yi, kada kowa ya ja ka ta wannan hannun, in ka zauna kuma a tokare shi da matashi. Haka gashin ruwan zafi da tawul: fatar wurin ba ta ji sosai, sai ta sale ba ka sani ba. Duk mai taɓa ruwan ya fara gwadawa a jikinsa.

Na san ana cewa na hana ragon da mai maganin iskan can ya nema don boko ya cinye ni, ko don rowa. Wanda ya sayar da gonar fadama a shekarar da ka sani, bai kamata a kira shi marowaci a kan rago ba. Ban hana addu'a ba, ni ma ina tashi cikin dare saboda kai, malam ma ya zo ya yi maka tofi ina zaune. Abin da na ƙi shi ne wanda zai ce iska ce ta shafe ka, ka zubar da ƙwayoyin asibiti. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a nemi magani. Hawan jini ne ya kayar da kai, kuma bai tafi ko'ina ba don ka daina jin ciwon kai. In ka bar maganin, na biyu yana iya zuwa, kuma ba lallai ya tsaya a hannu ba. A riƙa auna jinin, in ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a gaya wa likita. A rage gishiri da dunƙule a miya, yajin tsiren nan ma ka haƙura da shi.

Kuma ka ji tsoron Allah a kan yarinyar nan, matarka. An ce kana daka mata tsawa in ta ce ka gwada da kanka, shi ya sa ta koma yi maka komai don a zauna lafiya. 'Yar mutane ce, ba ita ta sa maka ciwo ba. Kunyar me kake ji? A ce tela ya kasa saka maɓalli? Duk wanda zai yi maka dariya ba shi zai ciyar da 'ya'yanka ba. Ban haife ka don ka zauna bayan ƙyaure kana jiran sadaka da shekara arba'in da 'yan kai ba.

Na yi zafi, na sani. Tun kana ƙarami in abu ya fi ƙarfinka shiru kake yi ka shige ɗaki, ba ka canza ba. Ƙuncin nan da kukan da ke zuwar maka ba dalili, wajen mutum ɗaya cikin uku masu wannan ciwo suna fama da shi, kuma yana da magani. Ba raunin imani ba ne. Ka faɗa wa likita kamar yadda za ka faɗi ciwon kafaɗa. In ba za ka iya ba, ka bar ƙanenka ya faɗa.

In kuɗin mota ne matsala, na ware buhu biyu na gero, za a sayar a aiko maka. Akwai sashen gashi a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai a asibitin ƙashi na Dala, ka zaɓi wanda ya fi maka sauƙin zuwa. In zaman Kano ne ya ishe ka, ka tattaro ku dawo gida, asibitin tarayya na Birnin Kudu ba shi da nisa da mu, ɗakinka kuma an yi masa sabon daɓe. Keken dai kada ya bar gidanka sai mun yi magana baki da baki.

Ƙanenka zai shigo ranar Litinin da wannan takarda, da gyaɗa tiya biyu, da madubin ɗakin Innarka, wanda da ƙyar ta bayar. Zai kwana, da safe ku tafi asibiti tare. Ka nemo katinka tun yanzu, kada ya zo ka ce ya ɓata. Ka gai da uwar yara, ka ce ina yi mata sannu da ƙoƙari, ka shafa mini kan ƙananan.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.