Barka da Sallah daga Birmingham, da amsar tambayar Autanmu

Assalamu alaikum Yaya,

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. A gaida Inna da kyau, a gaida yara. An yi Idi a filin Small Heath, jama'a kamar ƙasa. Goron Sallah na nan tafe.

Auta ya tambayi ko wane ne mai gemun nan da yake gani cikin 'yan wasan kurket na Ingila. Moeen Ali ne, ɗan garin nan, an haife shi ran 18 ga Yunin 1987, ya tashi a unguwar Sparkhill. Kakansa daga Kashmir ya zo. A nan ba a tsallen matakala: yaro kan fara a kulob ɗin unguwa, ya shiga rukunin matasan gunduma, sannan ya samu kwantiragi a ɗaya daga gundumomi 18 masu ƙwararrun 'yan wasa. Shi da Warwickshire ya fara, ya koma Worcestershire a 2007, bai sa rigar Ingila ba sai 2014. Shekara bakwai ke nan yana wasan kwana huɗu-huɗu daga Afrilu zuwa Satumba, sau da yawa cikin sanyi, 'yan kallo tsiraru.

A mai bugun ƙwallo da sanda ya yi suna tun farko, amma Ingila mai jifan ƙwallo take nema, domin mai jifanta Graeme Swann ya yi ritaya. Sai aka ɗora masa aikin. Jifansa ba na ƙarfi ba ne, na murzawa ne: ana riƙe ƙwallon, wadda nauyinta kusan giram 160 ne, tsakanin manuniya da yatsan tsakiya a kan ɗinkinta, a murɗa kamar mai buɗe ƙofa, ta dira a filin mai tsawon yadi 22 ta karkace. Duk sana'ar a kan fatar yatsa guda take.

Ga inda abin kan ɓaci. Ya bar wasan kwana biyar na tsakanin ƙasashe a 2021, ya koma gajerun wasanni, waɗanda a mafi gajartarsu mai jifa ba ya wuce jifa 24. Kantar da ke yatsan ta tafi, fata ta yi laushi. A 2023 mai jifan Ingila Jack Leach ya samu tsagewar ƙashin baya, aka roƙi Moeen ya dawo don jerin wasannin kwana biyar da Ostireliya. A filin Edgbaston ya yi jifa kusan 200 a zagayen farko kaɗai, da jar ƙwallon Dukes mai tudun ɗinki. Yatsa ya yi bororo ya fashe. Doka ba ta yarda mai jifa ya naɗe yatsan jifa ba, ga shi kuma an ci shi tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin wasan saboda ya fesa maganin busar da hannu ba tare da ya sanar da alƙalan wasa ba. Wasa na biyu bai buga ba. Abin da zai ba Inna dariya, man zuma na asibiti da wata mata ta aiko masa ne ya taimaka ciwon ya rufe.

A wasan kwana biyar ya buga wasanni 68, ya ci maki 3,094, ya fitar da 'yan wasa 204, har da uku a jere a kan Afirka ta Kudu a 2017. A ganina an cuce shi da yawan sauya masa gurbin bugu, yau sama gobe ƙasa.

Musulman garin nan kuwa ba alƙaluma suke tunawa ba. A 2014 ya ɗaura zaren hannu mai goyon bayan Gaza, hukumar wasan ta duniya ta hana. Ranar da Ingila ta ɗauki kofin duniya a 2019, da aka zo fesa giya, shi da abokin wasansa Musulmi Adil Rashid suka janye jiki gefe. Ya ajiye wa Ingila wasa a Satumban 2024.

A ce wa Auta in yana son gwadawa, ya fara da ƙwallon tanis, kada ya taɓa mai tauri ba kariya a ƙafa da kai.

Ƙaninka.