Zuwa ga ɗana Sani, kan maganar ɗakin zane

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka zaɓi dawowa gida da sana'arka ta zanen fenti bayan karatun Zariya.

Ɗakin cikin gida da ka nema ba zan ba ka ba. Shagon da ke jikin zaure na ware maka. Mai zuwa ganin aiki zai shigo ba tare da ya ratsa wurin mata ba, ƙannenka kuma ba za su riƙa tsoma hannu a fenti ba. Ka sa masa kwaɗo.

Kafin ka kawo ko burushi ɗaya, a fasa taga babba ta arewa. Hasken gabas da na yamma yawo suke yi a ɗaki, launin da ka haɗa da hantsi sai ka gan shi daban da la'asar, na arewa kuwa ya fi zama a natse. A yi silin a ƙarƙashin kwanon, don zafin bazara yakan busar da fentin ruwa tun yana bakin burushi.

Ƙura ita ce ta fi damuna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka san yadda hunturu yake a nan, ko ƙwaryar fura ka bari a buɗe sai ta yi fari. Fentin mai yana kwanaki bai bushe ba, duk abin da ya sauka a kansa kuma ya zauna ke nan. Ka sa kafinta ya yi maka kabad mai ƙofa na shanya aiki, ka yayyafa ruwa kafin shara. Da damina kuma kada ka jingina zane da bangon ƙasa, laima za ta kama shi, gara kuma ta ci katakonsa. A ɗora komai a kan kantar ajiya.

Kada ka kwana a ɗakin. Warin kananzir da tafentain da kuke wanke burushi yana taɓa ƙirji, tsumman da ya sha man fenti kuma idan aka tara shi wuri ɗaya yana iya kama wuta da kansa. Ka riƙa baza shi a waje ya bushe, nesa da rumbu.

Mutanen gari za su yi magana, wasu su ce wasan yara ne. Kada ka yi musu da kowa. Ka buɗe shago da safe lokacin da maƙeri yake hura wuta, ka tashi idan an kira salla, ka rubuta kuɗin fenti da na yadin da kake zane a kai kafin ka yanke wa aiki farashi. Zane ba baƙo ba ne a ƙasarmu: shanun da mutanen dauri suka zana a duwatsun Birnin Kudu suna nan, ga zayyanar allon sauka, ga adon bangon fadoji. Maganar surar mai rai kuwa, ka je ka zauna da Malam Liman da ladabi, ka ji hukuncinta daga bakinsa kafin ka karɓi irin wannan aiki.

Ka sayo fenti da yadi a Kano kafin ka taho, nan ba a samu. Ƙaro dai akwai shi a kasuwarmu. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka sanar da ranar zuwa.

Wassalam.
Ni ne mahaifinka.