Kafin a sayi kwamfutar zanen gine-gine da injina

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin ɗalibai da matasan injiniyoyi da masu zanen gine-gine na Kano kan yadda ake zaɓen kwamfutar aiki, domin a wannan lokaci da farashin kaya ya yi tashin gwauron zabi, asarar sayen na'urar da ba ta dace ba tana da wuyar mayarwa.

Abin da ya fi ruɗar mai saye idan ya shiga shagunan titin Beirut shi ne yawan ƙwayoyin farosesa, wato sassan da suke rarraba aikin lissafi a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Za a nuna masa tsohuwar kwamfutar tokumbo mai farosesan Xeon na kamfanin Intel, a ce ƙwayoyinta 12 ne, shi kuma ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Alhali manhajar zane ta AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fitar tun 1982, ƙwaya ɗaya ce take ɗaukar mafi yawan aikinta, kuma haka abin yake ga manhajojin SolidWorks ta zanen injina da Revit ta zanen gine-gine a galibin ayyukan da mai zane yake yi da hannunsa. Saboda haka saurin ƙwaya guda shi ne abin dubawa. Farosesa sabon zubi mai ƙwaya 6 ko 8, wanda gudunsa yake haura gigahaz 4.5, zai buɗe zane ya jujjuya shi da sauri fiye da tsohon da yake tafiya a 2.5, komai yawan ƙwayoyinsa. Yawan ƙwayoyi yana biyan kuɗinsa ne ga wanda yake fitar da hoton ƙarshe na gini da manhaja irin su V-Ray.

Haka kuma ganin an rubuta i7, wato sunan wani ajin farosesan Intel, a jikin kwamfuta bai wadatar ba sai an tambayi zubi na nawa ne. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar yawancin farosesocin Intel da suka gabaci zubi na 8.

Game da RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta take ɗora aikin da take yi a kai, gigabait 16 ya ishi mai zanen taswirar gida, amma mai haɗa bene a Revit ya nemi 32, ya kuma tabbatar akwai gurbin ƙari, tunda wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka a liƙe RAM ɗinsu yake. Ma'adanar fayiloli kuwa ta zama SSD, wato irin mai saurin nan, in da hali nau'in NVMe da ya fi sauri. Katin hoto, wato sashen da yake sarrafa hoton da ake gani a allo, mai tsada ba dole ba ne ga mai zanen layi da awo. Mai amfani da manhajar fitar da hoton gini ta Lumion ne yake buƙatarsa, domin nauyinta a kan katin yake sauka.

Inda nake ganin an fi sakaci shi ne yanayin garinmu. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40, kuma farosesa idan ya ɗauki zafi da kansa yake rage gudu don kada ya lalace. Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin kwamfuta bayan hunturu ya ga yadda ƙura take dunƙulewa a bakin fanka har ta toshe hanyar iska, to na'ura mai tsada a wannan hali ba ta fi mai araha sauri ba. A ware kuɗin fanka mai kyau, a riƙa hure ƙurar, sannan a tanadi UPS, wato na'urar ajiyar wuta, ko inbata da za ta iya ɗaukar nauyin kwamfutar tebur idan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.

Shawarata ga mai saye ita ce ya ɗora zanensa mafi nauyi a filash ya tafi da shi shago, ya nemi a buɗe masa a kwamfutar, ya jujjuya shi na kamar rabin awa yana sauraron ƙarar fanka, sannan a yi maganar farashi.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano