A Riƙa Koya Wa Masu Ciwon Huhu Yadda Ake Shaƙar Inhela

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan abin da ya kusa raba mu da mahaifiyata, tunda ga sanyi ya fara busowa kuma na san akwai irinta a gidaje da yawa.

Inna ba ta taɓa shan taba ba. Masa da ƙosai ta soya shekara talatin a wani ɗan ɗakin girki marar taga, a kan murhun itace, da kuɗin ta yi mana makaranta. Tari ya fara mata da kaki kowace safiya, daga baya haki ya shigo, har ta kai ba ta iya share tsakar gida sai ta zauna sau biyu. Sau biyu aka gwada kakinta ana zaton tarin fuka ne, ba a ga komai ba. Sai da aka ba ta wata na'ura ta hura iska a ciki likita ya ce hanyoyin iskar huhunta ne suka tsuke saboda hayaƙi, ciwon da suke kira COPD. Ya ce abin da ya lalace ba ya dawowa, amma magani yana buɗe abin da ya rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo ya kashe mutum miliyan 3.23 a 2019 kaɗai, ni kuwa a ranar na fara jin sunansa.

An rubuta mata inhela, wato ɗan gwangwanin maganin da ake fesawa a baki a shaƙa, na saya, na miƙa mata, na koma bakin aikina a makaranta ina ganin na sauke nauyi. Ashe tana cikin kwalla ƙarƙashin zannuwa. Wata maƙwabciya ce ta ce mata, "Hajiya, wannan abin duk wanda ya fara shi ba ya bari sai kabari." Don haka idan numfashi ya sarƙe sai ta aiki jika kemis ya sayo ƙwaya, ta sha, hannu ya yi ta rawa, ƙirji yana bugawa. Wannan magana ta maƙwabciya ita ce ta fi ci min rai, domin ba ita kaɗai ke faɗinta ba, har masu ilimi na ji suna yi. Inhela ba ta sa jaraba. Mai ciwon yana komawa gare ta ne saboda ciwon yana nan, kamar yadda mai hawan jini ke komawa ga maganinsa. Kuma a duba lissafi: ƙwayar salbutamol ɗaya da ake yawan sayarwa miligiram 4 ce, fesa ɗaya na inhela mai wannan maganin kuwa maikirogiram 100 ne, wato kashi ɗaya cikin arba'in. Ƙwaya sai ta zaga jini duka, feshi kuwa kai tsaye yake sauka inda ciwon yake. Wanda ake gudu shi ne ya fi sauƙi ga jiki.

Da muka lallashe ta ta yarda, sai wata matsalar ta ɓullo. Fesa shi take yi a baki kamar turare, kana tsaye kana ganin hazon yana fitowa. A hunturu guda sau biyu aka kwantar da ita, mu kuma muna cewa maganin ba ya aiki. A kwanciya ta biyu wata nas, Allah ya saka mata da alheri, ta ce, "Mama, yi in gani." Inna ta yi. Nas ɗin ta ja kujera ta zauna. Ta nuna mata a girgiza tukuna, a fitar da numfashi, a rufe leɓe a bakin abin, a danna daidai lokacin da ake jan iska a hankali, sannan a riƙe numfashi kamar ƙirga goma. Idan za a ƙara, a ɗan jira, a sake girgizawa. Da ta ga hannun Inna da numfashinta ba sa haɗuwa, sai ta sa na kawo robar ruwa ta rabin lita, ta fasa gindinta daidai bakin inhelar, ta ce a fesa ɗaya a ciki, Inna ta ja numfashi ta bakin robar sau huɗu zuwa biyar. Duka bai kai minti goma ba. Wata takwas muna sayen magani muna fesa wa iska saboda rashin waɗannan mintuna.

Daga baya likita ya ƙara mata wata inhelar ta garin magani mai suna tiotropium, sau ɗaya a rana ko da lafiya ƙalau take ji, ita kuma da ƙarfi ake zuƙarta. Ta farkon, wato shuɗiyar, ta zama ta lokacin da numfashi ya sarƙe. Wanda aka ba shi mai sinadarin siteroyid kuma ya kurkure baki bayan kowace shaƙa, don kada farar cuta ta fito masa a harshe. Da azumi ya zo Inna ta damu, domin malamai sun yi saɓani kan ko shaƙar tana karya azumi. Ta tambayi malaminta, likita kuma ya mayar mata da ta kullum lokacin sahur. Bana a tsaye ta yi sallar Idi. Ba ta warke ba, ƙura na tayar mata da shi har yanzu, amma rabonmu da gadon asibiti ya haura shekara. Suyar kuwa ƙanwata ce ta karɓa, a fili, ba a ɗaki ba.

Roƙona ga likitoci, nas-nas da masu kemis shi ne kada a miƙa inhela kamar ana miƙa farasitamol. A sa mai ciwon ya gwada a gabanka, da yarensa, kuma a sake dubawa duk zuwa asibiti. Gidajen rediyonmu su ware wa wannan magana lokaci kafin hunturu ya kankama, domin mata irin Inna rediyo suke saurare. Gwamnatocin jihohi kuma su sa inhela cikin magungunan da ake samu a asibitocin unguwa, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sanya ta a jerin magunguna na dole. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinta ya fi ƙarfin talaka, na ga tsohon da yake ta danna gwangwanin da ya ƙare don yana jin yana huci. Fesa 200 ne a cikin shuɗiyar, bayan haka ko ta yi huci ba a dogara da ita. Ni yanzu a jikin kalandar ɗakin Inna nake sa alama duk lokacin da ta shaƙa, idan muka kai 180 sai in fara neman kuɗin sabuwa.

Naka mai karatu,
Wani malamin firamare,
Tudun Wada, Zariya.