Wasiƙa daga Maraɗi zuwa Ingila

Aminina Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya sanyin ƙasar Turawa? Mu nan lafiya lau, sai hazon hunturu da ya sa kowa tari.

Tambayarka kan yadda ake auna bincikenmu na aikin kula da al'umma ta zo a kan gaɓa, don ina tsakiyar haɗa takardun ƙarin girma da za a tura CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, a Wagadugu. Tantancewar 'yan'uwa masana dai ba ni da ja a kanta. Duk wanda ya taɓa cin karo da kundin da aka cike takardun tambayoyinsa a gindin bishiya, ba a shiga gida ko ɗaya ba, ya san amfaninta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙirgen ambato da duniya ta runguma. Ma'aunin darajar mujalla da Eugene Garfield ya ƙirƙiro shekara biyu kacal yake dubawa: sau nawa aka ambaci maƙalolin da mujalla ta buga a cikinsu. Na Jorge Hirsch kuwa, na 2005, in kana da maƙala goma da aka ambaci kowace sau goma ko fiye, makinka goma. Rumbunan da ake ƙirgen galibi mujallun Ingilishi suka tara. Mu da Faransanci muke rubutu, waɗanda muke rubutu a kansu kuma da Hausa suke kwana suke tashi.

Wata ɗalibata ta yi bincike kan zawarawa a wata unguwa a nan cikin gari. Da ta gama, ta koma ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidan da suke taron asusu, ta bayyana musu abin da ta gano da Hausa. Wata tsohuwa ta katse ta, ta gyara mata wani bayani kan kuɗin ciyar da yara bayan saki, kuma ita ce da gaskiya. Daga baya wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta nemi kundin ta yi hotonsa. Babu rumbun da zai ƙirga wannan.

Ka tuna Mata Masu Dubara, tsarin nan na asusu da ba da rance tsakanin mata? A yankinmu na Maraɗi ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shi a 1991, yau tsarin ya bazu a ƙasashen Afirka da dama. Shekara biyu ina za ta isa a ga irin wannan tasirin?

Na san masana sun yi sanarwar San Francisco a 2012, suka ce a daina auna mutum da sunan mujallar da ya yi bugu a ciki. Na kuma san ku can, a REF, wato tantancewar binciken jami'o'in Birtaniya, an ware wa tasiri a wajen jami'a kashi 20 cikin ɗari a 2014, aka kai shi 25 a 2021. Tsorona ɗaya: in aka ce kowa ya ba da labarin tasirinsa, masu iya baki za su cinye, mu da muka saba da rahotannin ƙungiyoyi inda kowane shiri nasara yake yi. Wa ke zuwa ya tabbatar? Don Allah ka turo mini samfurin irin wannan labarin tasiri ɗaya ko biyu na fanninmu, in ga irin shaidar da ake nema.

Ka gaida uwargida da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce kilishinka na nan sai an samu mai tafiya.

Naka,
Habu